Fitilar da Ta Rufe Mini Hanya

Akwai wani maƙwabcinmu mai suna Iwao, a ƙauyenmu na bakin tafki, gabashin tsibirin Hokkaido. Mutum ne mai ƙarar murya da son a gani. In ya sayi sabon takalmi, har kifin tafki sai ya ji labari.

Tare suka tashi da maigidana Tsutomu. Iwao yana kiransa Yaya, amma ban san ranar da suka wuni ba su yi musu ba. Tsutomu ya rasu da kaka, kafin ruwa ya daskare.

Da ƙanƙara ta yi kauri, na ce ni zan ci gaba da duba ragarmu. Ramukanmu suna can tsakiyar tafki, inda muke fasa ƙanƙara mu zura raga. In gida ya bar raminsa, sai ƙungiyar masunta ta ba wani. 'Yata Nanae ta kira ni daga birnin Sapporo.

"Mama, ki bar wahalar nan ki taho wurina. Ga ɗaki, ga ɗumi."

"In na taho, wa zai zauna a gidan babanki?"

"To, ki yi mini alkawari. Ranar da kika ga ba za ki iya ba, ki faɗa mini gaskiya."

Na yi mata alkawari.

Abin da ban faɗa mata ba shi ne, ban taɓa tuƙa babur ɗin ƙanƙara cikin duhu ba. Duk zamanmu a baya nake zama, ƙeyar Tsutomu nake kallo. Ga shi tun kafin gari ya waye muke fita. Hanya ɗaya ce a kan tafkin, an kakkafa gora a gefenta, nan ne aka gwada kaurin ƙanƙara. A jere ake tafiya, ba mai wuce wani. Babur ɗin gidanmu ne a gaba tun zamanin surukina.

Ana gobe zan fara fita, sai ga Iwao ya cire fitilar babur ɗinsa ya ɗaura wasu sababbi guda biyu, manya, farare fat, da ya yi oda ta waya. Da ya kunna su, karnukan unguwa suka hau haushi.

Wani masunci ya ce, "Iwao, jirgin sama za ka saukar mana?"

"Hassada ce ke damunku! Ku ci gaba da yawo da kyandir."

Raina ya ɓaci. Na ce a zuciyata, amininka bai daɗe da tafiya ba, kai kana can kana yi wa babur ado.

Da asuba na hau. Iwao ya biyo ni, ya manne a bayana kamar an ɗaure mu da igiya. Muna hawa ƙanƙara na ga abin da ya tsinka mini zuciya. Gefen dama haske, gefen hagu haske, har ido yana zafi. Amma gabana, daidai inda zan bi, baƙi ƙirin. Wani dogon baƙi ne yana tafiya tare da ni. Fitilar Tsutomu a kunne take, amma kamar babu ita.

Na lallaɓa na isa. Na ce gajiya ce.

Washegari haka. Rana ta uku ma haka. Na tuna tsoffi suna cewa yawan kuka yana cin ido, ni kuwa na yi kuka. Ban gaya wa kowa ba. Na san in magana ta fita, kafin yamma ta isa Sapporo.

Ran nan na bugi gora. Babur ya karkace, akwatin kifin da nake ja ya kife. Iwao ya sauko da gudu.

"Matar Yaya, lafiya? Ba ki ga gorar ba ne, duk hasken nan?"

"Na gani. Hannuna ne ya zame."

Ya kalle ni. Sai ya durƙusa yana tsince kifi. Tun daga ranar ya ƙara matsowa kusa da ni, baƙin kuma ya ƙara duhu.

Da yamma na zauna gaban hoton Tsutomu, na kunna turare, na ajiye masa shinkafa kamar yadda al'adarmu take. Na ce masa na gwada. Sannan na kira Nanae na cika alkawari.

"Idona ya tafi. Gobe zan je in ciro ragar, in mayar wa ƙungiya ramukan."

Ta ce za ta zo ta ɗauke ni ƙarshen mako.

Da muka fita a karo na ƙarshe, dusar ƙanƙara tana sauka, irin mai laima da ke manne wa komai. Ina tafe ina ban kwana da hanyar da ba na gani. Can tsakiya sai farin hasken ya fara dusashewa. Yana raguwa, baƙin gabana yana ja da baya. Sai ga hanya. Ga gora ɗaya bayan ɗaya, ga sawun jiya, cikin ɗan hasken nan mai ruwan ƙwai na fitilar Tsutomu. Tar nake gani.

Na taka birki na sauka.

Iwao yana bayana yana zage-zage. Ashe sababbin fitilun ba sa zafi irin na tsofaffi, dusar ta manne musu ta toshe su. Ya sa safar hannu ya share.

Haske ya dawo. Na juya, sai ga inuwata da ta babur ɗina sun miƙe a gabana, doguwa, sun kwanta a kan hanya.

"Iwao, rufe fitilar nan da hannunka."

Ya rufe. Hanya ta fito.

"Buɗe."

Ya buɗe. Ta ɓace.

"Kai Iwao! Ashe kai ne makantata!"

Ya zo ya tsaya inda nake. Na je na buɗe masa na rufe, ya gani da idonsa. Mutumin da ba ya rasa abin faɗa ya zauna daɓas a kan ƙanƙara ya cire hula.

"A asibiti Yaya ya riƙe hannuna," in ji shi. "Ya ce, 'Hisae za ta ce sai ta hau tafki, na san taurin kanta. Kar ka hana ta. Ka dai ga ba ta shiga duhu ba.' Shi ne na nemo mafi haske da ake sayarwa."

"Me ya hana ka shiga gaba in bi ka?"

"Gaba wurin Yaya ne. Ƙafata ba za ta iya ba."

"To me ya hana ka faɗa mini?"

"Da kin yarda? Ke ma me ya hana ki ce ba kya gani?"

Muka zauna, tsofaffi biyu a tsakiyar tafki, muna kuka muna dariya, na bayanmu suna ta danna oda.

Ban ciro ragar ba. Na kwashe kifi na mayar da ita.

Da hantsi Mitsue matar Iwao ta shigo da tukunyar miya, tana tura shi a gaba.

"Ga shi nan, Yaya Hisae, ki yi yadda kika ga dama da shi. Na ce masa ya tambaye ki, ya ce wai mata ba mu san fitila ba."

"Ke dai riƙe mini sukudireba," in ji shi, kansa a ƙasa.

Ya kwance fitilun daga babur ɗinsa. Ya tambaye ni, wannan karon, ina nake so a sa. Na ce ɗaya ta isa, kuma kar ya taɓa ta Tsutomu. Ya ɗaura sabuwar a gefenta, ya sunkuyar da ita ƙasa yadda na nuna masa. Shi kuma ya shiga rumfa ya tono tsohuwar fitilarsa.

Na kira Nanae.

"Mama, na sayi tikiti fa."

"Kar ki mayar. Ki taho, amma ki zo da safar hannu mai kauri. Akwai ragar da za mu ja."

Darasi: Kyakkyawar niyya kaɗai ba ta isa ba. Kafin ka taimaki mutum, tsaya inda yake tsaye ka ga abin da yake gani, ka tambaye shi me yake buƙata. Kai kuma da ke cikin damuwa, buɗe baki ka faɗa. Ku tura wa wanda kuka san yana ɗawainiya da wani a ɓoye.