Murhun Bahaguwa

Ku matso nan inuwa, ku kife wayoyin nan a kan tabarma. Yau da shari'a na zo muku, kuma ba mai tashi sai ya faɗi nasa.

A garin Rafin Tsamiya akwai wata tsohuwa, Hajiya Tasalla. Da ƙuruciyarta ta fito a fina-finan majigi, irin waɗanda ake zuwa da su a mota, a kafa farin ƙyalle a filin kasuwa gari ya taru. Kowa ya san fuskar Uwar Biki, haka ake kiranta a fim, amma ba wanda ya san sunanta na yanka, domin mahaifinta ya ce ya yarda ta yi wasa, amma kada a kuskura a rubuta sunan 'yarsa a ƙyalle. Ita ce kuma ta fara gina murhun yumɓu mai bututu, wannan da ke fitar da hayaƙi ta baya. Dalili kuwa, hayaƙi ya riƙa sa ta hawaye a wurin ɗaukar fim, mai ɗauka yana ta faɗa, ta gaji ta gina abinta. Mata suka gani suka kwaikwaya, ya bazu ko'ina. Da ta yi aure ta bar wasa, ta je Makka ta dawo, ba ta ƙara ɗaga maganar ba.

To, sai gari ya gina wa mata makarantar koyon sana'a, kwamiti ya ce za a sa mata sunan wanda ya ƙirƙiro murhun nan. Ana cikin haka wani shirin rediyo ya ce ai wani malamin gona ne ya zo da shi daga ƙasar waje, bayan an koma tuƙi a hannun dama, ya ƙara da cewa Uwar Biki, da wasu ke cewa ita ta fara shi, ta rasu tuntuni. Tsohuwa na zaune da kwanon koko ta ji da kunnenta.

Ta ce, "La'ilaha! Ni aka kashe da safiyar nan, ko kokona ban shanye ba?"

Dariya ta yi, amma abin ya yi mata ciwo ƙwarai, har ta daina fitowa tsakar gida. Jikokinta uku, Haladu da Sabi'u da Barira, suka je wurin shugaban kwamiti. Ya ce musu, "'Ya'yana, ban ƙaryata ku ba, amma kowa ka tambaya kakarsa ce ta haƙa rijiyar gari. Ku kawo abin da ido zai gani kafin a rubuta allo."

Haladu direba ne, mutum mai naci kamar ƙuda. Ya ajiye lodi ya bi ƙauyuka yana tambayar tsofaffi inda mai majigin wancan zamanin ya ƙare. Aka ce ya mutu. Ya nemi ɗansa, aka ce ya ƙaura. Ya bi shi har wani ƙauye da mota ba ta shiga, ya taka da ƙafa. Can ya tarar da wani fim na Uwar Biki cikin gwangwaninsa, an kife shi a bakin rumbu don kada ɓera ya shiga. Ya roƙa aka ba shi, tare da gawar majigin da ke jibge a zaure. Ba don shi ba, da har yau fim ɗin yana gadin dawa.

Sabi'u mai gyaran rediyo ne, ba ya magana sai dole. Majigin ya yi tsatsa, fim ɗin ya bushe, kana taɓa shi yana karyewa kamar ƙuli. Ya zauna ya bi shi a hankali, yana gogewa yana liƙewa, ya ciro ƙwai daga fitilar babur ya sa wa majigin. Ranar da ya haska shi a bangon shagonsa, sai ga budurwa tana girki a kan murhu mai bututu, ga kuma wata babbar mota ta wuce ta bayanta tana bin hannun hagu na titi, irin tuƙin da. Kun ga ke nan murhun ya riga malamin gona zuwa. Ba don shi ba, da abin da Haladu ya sha wuya a kai tarkace ne kawai.

Amma fa sauran aiki. Wa zai ce budurwar nan ita ce tsohuwar da ba ta da haƙori ko ɗaya, tunda ba suna a fim? Tsohuwa kuma ta rantse ba za ta je a nuna ta tana rawar kai a gaban surukai ba. Barira, mai sayar da waina, ita ta lura da abin da ya wuce kowa. Duk murhun da ke yankin nan bakinsa a hagu yake, mata sun yi shekaru suna mita ba su san dalili ba, kowace ta kwaikwayi na maƙwabciyarta. Kakarta kuwa bahaguwa ce. Ta shiga ɗaki ta ce, "Ke tsohuwa, zauna abinki. Na ce musu kin manta ginin ma, hannu ya mutu."

"Hannun wa? Ja'ira, ɗauko mini yumɓu!"

Haka ta fito gaban kwamiti. Fim na tafiya a bango, budurwa na tura itace da hagu, tsohuwa a ƙasa tana gini da hagu, tana fasa bakin murhu daidai inda yake a fim. Wata dattijuwa ta rangaɗa guɗa ta ce, "Ashe ke ce kika karya mana ƙugu duk shekarun nan!" Ba don Barira ba, da an ga fim an watse, ba a san ko wace ce ba.

Aka rubuta sunan Tasalla a allon makaranta, rediyo ya gyara maganarsa, tsohuwa ta koma shan kokonta a tsakar gida tana tsokanar masu wucewa. Rannan ta kira jikokin nan ta ce ta ji daɗi har ba ta san yadda za ta faɗa ba. Ta nuna musu murhun farko, wanda ya fito a fim, yana nan a madafinta ya yi baƙi ƙirin. Ta ce shi ne abin da ta fi so a duniya, kuma tana so ta ba ɗayansu tun tana da rai. Murhu dai ɗaya ne, in aka raba shi ya zama kasko.

To, ga wanda ya nemo, ga wanda ya haska, ga wadda ta gane ta kuma fito da mai abin. Ku faɗa mini, wa ya fi cancanta ya ɗauki murhun?