Kafso a Kaskon Zabi

A Dantchiao akwai wani mai kiwon zabi ana kiransa Mas'udu. Mutum ne mai ƙwazo, amma fa akwai ji da kai, ba a gaya masa ya ji. Kowace damina, da 'yan zabi sun ƙyanƙyashe, sai ya sayo kafso mai ja da ɗorawa a teburin kasuwa, ya fasa ya zuba musu a kaskon ruwa, ko suna ciwo ko lafiyarsu lau. Abin da ya rage kuma na iyali ne. Ciwon kai kafso, mura kafso.

Matarsa Habsatou ta sha yi masa magana. "Maigida, an ce maganin nan ba a shan sa barkatai."

"Wa ya ce? Ni da na raya zabi ɗari uku, wani ɗan lakwal mai karatun boko ne zai koya mini magani?"

Ran nan 'yarsu Ruma'isa, mai shekara huɗu, ta ci ƙwan zabinsu da bai dahu sosai ba. Kashegari zawo ya sarƙe ta, har da jini. Mas'udu ko a jikinsa. Ya fasa kafso a koko ya ba ta. Kwana biyar ana haka, yarinya sai zubewa take yi, uwar na kuka, shi kuwa yana cewa gobe za ta miƙe. Sai da idanunta suka faɗa ya ɗauke ta da uwar a babur zuwa likita, wato asibiti, a Magariya.

Aka sa mata ruwa, aka yi allura, zazzaɓi ya ƙi sauka. Lokotoro mai duba ta ya ɗebi bayan gidanta ya aika labo, ɗakin gwaji, a Yamai. Da sakamako ya zo, ya kira uban.

"Malam Mas'udu, ƙwayar cutar da ke cikinta daga abinci ta shiga. Sun duba halittarta, sun ga tana ɗauke da gadon jure magani iri uku. Kana ba dabbobi kafso?"

"Zabina, kullum."

"To, haka irinta ke samuwa. Maganin yana kashe masu rauni, masu taurin su hayayyafa, su gadar wa 'ya'yansu. Yanzu mun san wanda zai ci ta. Da ma kun zo da wuri."

Aka soma sabon maganin da hantsi, amma jiki ya riga ya gaji. Kafin la'asar Ruma'isa ta cika. Wallahi abin tausayi, ƙaton mutum ya durƙusa a tsakar likita yana kuka kamar yaro. Habsatou ta goya gawar 'yarta ta yi gaba.

Darasi: magani ba gishiri ba ne da za a barbaɗa a ko'ina. Wanda ya saba wa cuta da magani, ranar da yake buƙatarsa ba zai yi masa aiki ba. Kada mu sha ko mu ba dabba sai masani ya ce, mu dafa abinci ya dahu, kuma zawon yaro ba a jira da shi. Girman kai rawanin tsiya ne, wani lokaci kuma wanda bai ji ba bai gani ba shi yake cutarwa.