Foldar da Ɗantsoho Ya Goge

Akwai wani ɗalibi ɗan Haɗeja mai suna Ɗantsoho, da ke karatun Shari'a a Alƙahira a shekarar 2014. A unguwar Faisal yake zaune, hawa na biyar, tare da wani ɗan Maiduguri, Bukar, wanda ya girme shi da shekara shida, yana rubuta kundin digirinsa na biyu.

Kwamfuta ɗaya ce a gidan, ta Bukar, kuma bai taɓa sa mata lambar sirri ba. Mutum ne mai tsari. Duk shafin da ya ga zai amfane shi a intanet, sai ya danna ɗan tauraron nan na saman burauza ya adana shi, ya sa shi a foldar da ta dace. Akwai ta Hadisi, akwai ta Nahawu, akwai ta sabunta takardar zama, har da ta girki.

Shi kuwa Ɗantsoho yana da abin da yake ɓoyewa. Ya faɗi jarrabawa, zai maimaita shekara, amma ya ce wa mahaifinsa ya ci.

Wata rana bayan La'asar, Bukar ya sauka sayen burodi, Ɗantsoho ya jawo kwamfutar. A jerin foldojin sai ya ga wata da bai taɓa lura da ita ba, an rubuta mata "Ɗantsoho". Ya taɓa ta, wasu ƙanana suka bayyana a ƙarƙashinta. Ta farko sunanta "Sakamako".

Ya tuna makon jiya Bukar ya tambaye shi lambar ƙanwarsa Mardiya. A ransa ya ce, "Ashe tattara asirina yake yi zai aika gida."

Ya ji ƙarar makulli a ƙofa. Ko shafi ɗaya bai buɗe ba, ya goge foldar gaba ɗaya.

Daga ranar Ɗantsoho ya canja. Bukar ya yi sallama, ya amsa can ƙasan maƙoshi. Bukar ya zuba abinci, ya ce masa ya ƙoshi. Ranar Juma'a ya ja abokansu Zubairu da Ya'ƙub gefe, ya ce, "Ku yi hattara da mutumin nan. Ɗan rahoto ne." Su ma suka janye jiki, suka daina hawowa shan shayi.

Bayan mako biyu Mardiya ta kira shi tana kuka. Idon Baba na dama ya rufe, likita a Kano ya ce a gaggauta yin aiki kafin na hagu ya bi. Nan da kwana goma sha biyu za su sauka da shi a Masar.

Ɗantsoho ya zauna a bakin katifa, ya dafe kai. Shekara uku a garin, bai san asibitin ido ko ɗaya ba.

Bukar ya fito daga kicin yana goge hannu. "Na ji komai. Kwantar da hankalinka, ƙanena. Tun ran da ka ce mini Baba ya daina iya karanta Alƙur'ani da kansa na fara nema. Wata biyu ke nan. Na tara asibitoci, da sunayen likitoci, da gidajen haya na ƙasa don kada ya sha wahalar bene. Mardiya ma ta turo mini sakamakon gwajinsa, na nemo bayanin kowane layi. Ban faɗa maka ba ne saboda na ga kana cikin damuwa. Yalla, zo ka gani."

Ya buɗe kwamfutar. Ya duba sama, ya duba ƙasa. Ya buɗe foldojin ɗaya bayan ɗaya, har ta girki.

"Innalillahi," ya ce a hankali. "Ina jin ni na goge ta garin gyare-gyare. Kuma kullum ina cewa zan kwafi ajiyar nan a filashi, ban yi ba. Ka yafe mini, Ɗantsoho. Sakacina ne."

Wannan haƙurin da aka ba shi ya fi mari zafi. Ɗantsoho ya kasa ɗaga ido.

"Malam, ba kai ba ne," ya ce. "Ni na goge."

Ya faɗi komai: jarrabawar, da zargin, da abin da ya gaya wa Zubairu da Ya'ƙub.

Bukar ya ce, "Maganar jarrabawa na sani tun ranar da aka kafe sakamakon. Ba tawa ba ce da zan kai gida. Amma ɗan rahoto... wannan ta yi mini ciwo, ba zan ɓoye maka ba." Ya ja numfashi. "Khalas, ya wuce. Jawo kujera, lokaci na tafiya."

Kwana uku suka yi suna bin tarihin burauzar, inda take ajiye duk shafin da aka taɓa buɗewa, suna tsinto su ɗaya-ɗaya daga cikin dubbai. Duk wanda suka samu, Bukar ya ce, "Danna tauraron da hannunka." Sun dawo da mafi yawa. Amma shafin wani likita da Bukar ya fi natsuwa da shi bai samu ba, sunan ma ya ɓace masa, unguwar kawai ya iya tunawa. Sai da Ɗantsoho ya yi kwana biyu yana yawo a Wustul Balad, tsakiyar birnin, daga wannan bene zuwa wancan yana tambaya, kafin ya gano ofishinsa.

Kafin baƙin su sauka ya kira Zubairu da Ya'ƙub gidan, a gaban Bukar ya ce musu ƙarya ya yi masa.

An yi aikin, idon hagu ya tsira. Ranar da aka cire bandejin, Baba ya riƙo hannun ɗansa ya ce, "Allah ya yi maka albarka. Yaro yana fama da karatu, ga shi ya ci jarrabawa, kuma ya tsaya ya shirya duk wannan."

Bukar yana tsaye a bakin taga, ya ce amin.

Ɗantsoho ya durƙusa a gefen gadon. "Baba, aikin Malam Bukar ne, ni ɓata shi na yi. Kuma akwai maganar da ya kamata in faɗa maka tun watan Yuli."

Baba ya juyo da idon da ya rage masa, ya dube shi sosai. Bukar ya fita a hankali, ya ja musu ƙofa.

Darasi: Mai ɓoye laifi yakan ɗauka kowa bibiyarsa yake yi. Kafin ka yanke wa ɗan'uwanka hukunci, buɗe ka karanta, ko ka tambaye shi baki da baki. Abin da aka goge a kwamfuta ana iya dawo da shi, amma sunan da ka ɓata a bakin mutane sai ka sha kunya kafin ya gyaru. Ku tura wa abokan zamanku wannan labari, wataƙila ya hana wani zargin mai ƙaunarsa.