Akuyar da Ta Ɗauko Daji a Cikinta

A zamanin Sarki Korau, jikan Tunau mai raƙuma dubu, makiyayar ƙasar Gangara, wadda a da ciyawarta takan ɓoye raƙumi da mahayinsa, ta bushe ta ƙeƙashe, ta koma fako fetal, ko tsinken sakace babu. Sarki ya sa aka yi shela cewa in damina ta wuce ba tsiro, gari zai tashi. Wannan magana ta tsaya wa Barmo makiyayi a rai, domin tsohuwarsa Iya Kande ba ta da ƙafar tafiya, ta kuma rantse ba mai ɗaukarta daga inda aka binne mijinta.

Barmo, mutum mai shegiyar tambaya, ya ja akuyarsa ɗaya tilo, ya ratsa tekun yashi, ya wuce birnin kawalwalniya mai gudun baƙo, har ya isa Birnin Raɓa, wanda ba ya bayyana sai da hudowar rana. Nan ya faɗi gaban Marka, sarauniyar aljanu, uwar tsirrai, mai riƙe da makullin girgije.

"Ranki ya daɗe, iri nake roƙo: gawo, bagaruwa da kandili."

Sarauniya ta sa aka ciko ƙwaryar zinariya da 'ya'yan itatuwan, aka dire gaban akuya. Ita kuwa ba kunya ba godiya ta cinye tas.

"Allah ya ja zamaninki," in ji Barmo, mamaki ya fi masa haushi yawa, "me ya sa aka ba dabba abin da mutum ya roƙa?"

"Ɗan Adam, irin nan taurin kai gare shi, ba ya tsira sai ya bi ta cikin akuya. Ka haƙa ramuka kamar rabin wata su tare ruwa, ka zuba kashinta, ka kewaye da ƙaya."

Guguwa ta sure su, ta dire su a ƙofar fadar Sarki Korau. Da Sarki ya ji labarin tafiyar, ya tambaya ina kyautar aljanu.

"Tana cikinta, ranka ya daɗe. Sai mu jira."

Fadawa suka kwashe da dariya, amma Sarki, da son ganin ƙwaƙwaf ya ci shi, da kansa ya riƙa bin akuya da ƙoƙo kwana uku.

Aka haƙa ramuka, aka zuba kashin da aka tara, aka yi shingen ƙaya. Da ikon Allah ruwa ya sauka, ramuka suka cika, fako ya yi kore shar. Sarki ya naɗa Barmo Sarkin Dawa, aka soke shelar tashi. Barmo ya goyo tsohuwarsa zuwa bakin shinge.

"Iya, an fasa tashi."

Ta daɗe tana shafa wani ɗan gawo da yatsa, hawaye na zuba. Can ta ɗago.

"To, ɗaure akuyar nan, Barmo. Ga ta can tana kallon dajinmu."