Gidan da Ba a Cewa "Ban Gane Ba"

Akwai wani mutum manomi a wani ƙauye, wanda Allah ya ba shi kan lissafi. Tun yana yaro malamai suke kiransa gaban allo ya warware abin da ya gagari aji. Karatun bai yi nisa ba, gama mahaifinsa ya rasu yana tsakiyar sakandare, dole ya ajiye biro ya ɗauki fartanya. Amma kan yana nan yadda yake. In ya dubi gona sau ɗaya zai gaya maka yawan takin da za ta ci, ba kuwa zai kuskure ba.

Saboda haka kowace yamma, in ya dawo daga gona ya wanke ƙafa, yaran makaranta sukan taru a gindin mangwaron ƙofar gidansa da aikin gida. Wannan ya zo da lissafi, wancan da kimiyya, wata kuma an ce ta zana kwamfuta ta rubuta aikin kowane sashe, alhali kwamfutar a hoto kawai ta taɓa ganinta. Mutumin yakan karanta abin da malami ya rubuta, ya share ƙasa da tafin hannu, ya kama zane da tsinke. Ba ya korar kowa. Iyaye suna ta sa masa albarka, har a coci an taɓa ambaton sunansa.

Sai dai yana da wani hali. Ba ya maimaita magana. Abin da ya zo masa da sauƙi, gani yake dole ya zo wa kowa da sauƙi, wanda kuma bai kama ba to iskanci ne kawai. Zai zuba bayani da sauri kamar ana binsa a baya, sa'an nan ya ɗaga kai ya zare ido ya ce, "Ka gane?" Duk wanda ya ce a'a, ranar ya shiga uku.

"Wannan kai ne a wuyanka ko kabewa?" in ji shi. Sauran yara su fashe da dariya, sunan ya bi yaro har makaranta.

To, yara ba wawaye ba ne. Nan da nan suka koyi darasin da bai yi niyyar koya musu ba: in ya tambaya ka gyaɗa kai, ka yi maza ka kwafe abin da ke ƙasa kafin ya share. Shi kuwa yana ta murna wai yaran ƙauyensu sun fara wayewa.

Mutumin yana da 'ya'ya biyu. Babban namiji ne, Kefas, yana ajin ƙarshe na firamare, yaro mai shiru mai biyayya. Ƙaramar mace ce, Damaris, ba ta daɗe da barin nono ba. Ita ce ransa. Ita kaɗai ce take taka zanensa da ƙafa ya yi dariya.

Wata yamma Kefas ya kawo nasa aikin. An fara koya musu lambobi masu ɗigo a tsakiya. Ya durƙusa ya miƙa littafin ya ce, "Baba, wannan ɗigon mene ne aikinsa? Malam ya yi bayani, ban gane ba."

Uban ya yi masa bayani irin nasa, ya ambaci gurbi, ya ambaci kashi goma, tsinke yana gudu a ƙasa. Ya ɗaga kai ya ce, "Ka gane?"

Yaron ya ce, "Baba, a ɗan sake mini."

Wani daga cikin yaran maƙwabta ya ƙyalƙyale da dariya. Dariyar nan ta soki mutumin har zuci. Ɗansa na cikinsa, a gaban 'ya'yan mutane! Ya kai wa yaron ranƙwashi a tsakar ka, mai zafi, har littafin ya faɗi.

"A gidana ba a cewa ban gane ba," in ji shi. "Kana jina?"

Matarsa Bilhatu ta leƙo daga cikin gida ta ce, "Baban Kefas, a hankali mana. Yaro ne."

"Ki bar ni da shi. Lallashin nan naku ne yake lalata yara." Ya juya ga ɗansa. "Na ce ka gane?"

"Na gane, Baba."

Ƙarya ce, bai gane kome ba. Amma tun da ba wanda zai tambaya, sai ya ƙirƙiro wa kansa amsa. Ya ce a ransa, ai wannan ɗigon irin wanda ake sawa a ƙarshen jimla ne, ana rubuta shi amma ba a karanta shi. In an ba shi 2.5 ya tara da 1.3, sai ya tara ashirin da biyar da goma sha uku, ya mai da ɗigon inda ya gan shi. Abin takaici, amsar takan fito daidai. Malam ya sa masa maki da jan biro, uban ya gani ya ce wa matarsa, "Kin gani ko? Ranƙwashi ɗaya ya buɗe masa kai." Haka ramin ya zauna a rufe, ba wanda ya san yana nan.

Da damina ta yi tsakiya, zazzaɓi ya kama Damaris, mai tsanani, har da jijjiga. Suka kai ta asibitin gari. Aka yi mata allura, jiki ya yi sauƙi, aka sallame su da kwalbar magani na ruwa da ɗan murfin awo mai layuka uku: 5, 10, 15. Likita ya ja kunnen uban ya ce maganin yana da ƙarfi ƙwarai, kada a wuce abin da aka rubuta. A jikin kwalbar an rubuta 2.5, safe da yamma.

Suna isowa gida, ko ruwa uban bai sha ba, aka zo aka ce masa kogi yana tasowa, masararsa da ke fadama a ƙetare za ta nutse in ba a cire ta ba. Abincin shekara ke nan. Dole ya tafi ya kwana can. Bilhatu ba ta yi boko ba, ba ta karanta lamba. Sai ya kira Kefas, ƙafarsa ɗaya tana waje, ya danƙa masa kwalbar.

"Ga maganin ƙanwarka. Ga abin da aka rubuta. Safe da yamma, kada ka ƙara, kada ka rage. Ka gane?"

Yaron ya dubi kwalbar, ya dubi murfin awo, ya buɗe baki kamar zai yi magana. Uban ya ga wannan. Ku ji da kyau, ya gani da idonsa. Amma yana sauri, ga shi kuma ba ya son jin kalmar nan. Sai ya haɗe fuska ya ce, "Na ce ka gane?"

"Na gane, Baba."

Mutumin ya saɓa buhu ya tafi hankalinsa kwance, yana yi wa Allah godiya da ya ba shi ɗa mai ilimi.

Abin da ya faru a bayansa, daga baya ya ji shi. Da yamma ta yi Kefas ya karanta lambar yadda ya saba karantawa: ashirin da biyar. Ya cika murfin zuwa layin goma sha biyar ya ba yarinyar, ya sake zubawa zuwa layin goma. Har ɗaga murfin yake yi wajen haske don kada ya wuce layi, gama an ce kada ya ƙara, kada ya rage. Uwar ta ce, "Anya bai yi yawa ba?" Ya ce, "Haka aka rubuta, Mama." Ta ƙyale shi, don ai shi ne ɗan makaranta.

Yarinyar ta yi barci, uwar ta ce madalla, yau dai za ta huta. Da safe da ƙyar suka tashe ta, suka ba ta na safe. Ta koma barci. Rana ta yi tsaka ba ta motsa ba, jikinta ya saki, numfashinta yana ja da nisa. A nan ne Bilhatu ta kurma ihu. Maƙwabta suka ɗauke su a babur zuwa asibiti, aka tura mutum fadama.

Uban ya iso da taɓo har gwiwa. Ya tarar da matarsa a ƙasa tana birgima, mata suna riƙe ta. Likitoci sun yi iyakar ƙoƙarinsu, amma Damaris ba ta farka ba.

Wata nas, dattijuwa, tana tsaye riƙe da kwalbar, saura kaɗan a gindinta. Ta tambaya wa ya ba da maganin. Mutumin ya juya ya ga ɗansa raɓe da bango, sai ya yi kansa hannu a sama. Nas ɗin ta shiga tsakani. Ta zaunar da yaron a benci, ta ba shi murfin da ruwa a kofi ta ce, "Ɗana, nuna mini yadda ka auna."

Ya nuna mata, a natse, daidai kan layi.

Ta sa yatsa a kan lambar ta ce, "Wannan ɗigon fa, ka san aikinsa?"

Yaron ya saci kallon ubansa, ya fara gyaɗa kai.

"Kada ka dubi babanka, ni za ka duba," in ji ta. "In ba ka sani ba, ba laifi ba ne."

Yaron ya dube ta. Sa'an nan da wata 'yar murya ya ce, "Ban sani ba, Mama. Nawa ne?"

Nas ɗin ta so ta ƙyale shi, gama ta san amsar za ta yi masa ciwo. Amma yaro ya tambaya, ba ta kuwa iya hana shi ba. Ta ɗauko tsinken ashana uku, ta ajiye biyu a tafinsa, ta karya na ukun ta ba shi rabi. Ta ce, "Ɗigon yana cewa cikakku sun ƙare, abin da ya biyo baya gutsure ne. Biyar a bayan ɗigo rabi ne. Biyu da rabi." Ta zuba ruwa a murfin, rabin layin farko, ko cikin ƙaramin cokali bai kai ba.

Ba ta tambaye shi ko ya gane ba. Ba bukata. Uban yana tsaye yana kallon fuskar ɗansa sa'ad da ganewar ta shige shi. Yaron ya dubi ɗan ruwan nan, ya dubi kwalbar, ya saki wata ƙara da ta sa mutanen da ke waje suka shigo a guje.

Bayanin duka bai kai tsawon shan kofin ruwa ba. Mutumin ya san haka, gama shi mai lissafi ne. Ya zame ya zauna a ƙasa. Ya nemi wanda zai ɗora wa laifi, ya duba ko'ina, bai sami kowa ba sai kansa.

Ma'anar wannan misali, 'yan'uwa, ba ta da wuyar samu, sai dai tana da wuyar haɗiyewa.

Manomin nan mu ne: iyaye, malamai, yayye, dattawan ikkilisiya, duk wanda Allah ya ba shi sanin wani abu, ƙarami ya zo wurinsa neman taimako. Mutumin ba mugu ba ne. Yana ƙaunar 'ya'yansa, yana taimakon 'ya'yan maƙwabta. Girman kai ne ya ci shi. Ya fi son a ce ɗansa ya gane da a ce ɗan ya gane da gaske. Da ranƙwashi da gori ya koya wa yaro mai gaskiya yin ƙarya, ya kuma kira ƙaryar ladabi. Mu nawa ne muke haka? Yaro ya kawo aikin gida, mu yi tsaki, mu kira shi daƙiƙi, gobe kuma mu yi mamaki don ya ɓoye mana abin da ya fi lissafi girma.

Ku kuma yara, ɗigon nan shi ne ƙaramin abin da kuke jin kunyar tambaya. Kuna kwafe amsa daga littafin aboki ko daga waya, malam ya sa maki, ku ce an wuce wurin. Ba a wuce ba. Abin da ba ka gane ba yana nan yana jiranka, zai kuwa same ka a ranar da ba malami a kusa, ranar da abin da ke hannunka ba littafi ba ne. Ko an yi muku dariya, ku tambaya. In wannan ya kore ku, ku je wurin wancan. "Ban gane ba" ba zunubi ba ne. Cewa "na gane" alhali ba ka gane ba, shi ne ƙarya.

Haka ma muke yi wa Allah. Mukan zauna a sujada muna gyaɗa kai muna cewa amin, zuciya cike da tambayoyin da muke tsoron furtawa, kamar shi ma zai zare mana ido. Ubanmu na sama ba irin manomin nan ba ne. Waɗanda suka yi tafiya da Yesu ƙafa da ƙafa sukan ja shi gefe su ce ba su gane ba, bai taɓa korar ko ɗayansu ba. Yakan zauna ya sake.

Saboda haka kai uba, ke uwa, yau da yamma ɗanku zai zo da littafi a hannu, yana ɗari-ɗari. In ya iya buɗe baki ya ce bai gane ba, ku gode wa Allah da har yanzu bai ji tsoronku ba. Ku ja kujera ku zauna, ku sake masa daga farko.