Jif ɗin Baba Safiyo

Akwai wani mutum mai sana'ar haɗa fanfunan ruwa masu aiki da hasken rana a gonaki da ƙauyuka. Gwani ne a aikinsa, ba ya wasa da cefanen gidansa, kuma yana ji da mahaifiyarsa kamar ƙwai a cokali. Aibinsa ɗaya ne: ba ya jin daɗin sayen abu sai ya ga ya ƙwari mai shi. Ko allura zai saya sai ya nemo mata aibi. In kankana ce ya ce ta kwana, in takalmi ne ya ce ƙafa ɗaya ta fi 'yar'uwarta tsawo. Tun ana ce masa Sai-da-Ragi a bayan ido har aka gajarta, aka koma kiransa Ragi a gabansa, shi kuwa yana amsawa da fara'a don a ganinsa kirari ne. Matarsa, wadda malamar makaranta ce, ta sha gaya masa cewa ciniki daban, cuta daban. Sai ya yi dariya ya ce ai kasuwa ta mai ido ce.

Wata damina ƙaramar motarsa ta kafe a taɓo da kayan aiki a ciki, ya yini yana tura ta, kafin ya isa gonar da aka kira shi an ba wani aikin. Tun daga ranar ya ƙudura sai ya mallaki jif mai ja da taya huɗu, ko da tsohuwa ce, in dai za ta hau tudu ta ratsa laka. Ya sayar da ƙaramar motar ya shiga nema. Babu filin 'yan tsofaffin motoci da bai leƙa ba. Wadda aljihunsa zai iya ɗauka, in ya kwanta a ƙarƙashinta sai ya tarar tsatsa ta cinye ta an shafe da fenti. Wata injin ne ke hayaƙi kamar murhun ɗanyen itace. Wata kuma sunan jif kawai gare ta, tayoyin gaba sun daɗe da daina ja. Mai lafiya kuwa, in aka faɗa masa kuɗinta sai ya ji jiri.

Ana cikin haka wani mai faci ya ba shi labarin wani tsohon mai auna filaye da ake kira Baba Safiyo, wanda idonsa ya yi rauni har ya daina tuƙi, yana son rabuwa da motarsa.

Ragi ya isa gidan da hantsi. 'Yar tsohon ce ta buɗe masa ƙofa, ta kai shi rumfar da motar take, sannan ta koma ta riƙo hannun mahaifinta. Da aka yaye tamfol, murna ta kama Ragi. Motar ta tsufa, fentinta ya koɗe, amma ko ɗigon mai babu a ƙasan da take tsaye. Ya buɗe gaban, ya ga injin fes. Ya murza makulli, ta tashi bugu ɗaya, tana gurnani a hankali ba gargada. Suka zagaya da ita bayan unguwa inda ake ɗibar yashi, ya sa ta a taya huɗu, ta haye tudun yashin kamar tana tafiya a kwalta. Tsohon yana gefensa yana ba shi labarin dazuzzukan da suka shiga tare da ita, yana faɗa masa aibinta da bakinsa: gilashin baya ba ya sauka, na'urar sanyi ta mutu, ƙofar direba sai an ɗaga ta kafin ta rufu.

Kuɗin da Baba Safiyo ya faɗa bai kai rabin na 'yan kasuwa ba, kuma Ragi yana da shi cif. Wani da sai ya ce alhamdu lillahi ya biya. Amma Ragi ya ji in ya biya yadda aka faɗa, to an ci shi. Ya taya ƙasa, tsohon ya yi murmushi ya ce albarka. Ya kawo zancen fenti da gilashi, tsohon ya ce ai don su ya sa kuɗin haka. Duk ƙofar da ya ƙwanƙwasa ya tarar a rufe.

Sai aka kira 'yar a cikin gida, ta tafi ta bar su su biyu. Ragi ya dubi idanun tsohon, farare kamar an zuba musu nono, ya dubi ƙofar da ta shige. Ya ce bari ya ƙara duba ƙasa sau ɗaya. Ya kwanta ya ja jiki ƙarƙashin motar, ya zaro ƙaramar sifana daga aljihu. Ya lalubo notin da ke riƙe da bututun man birki, ya murza shi kaɗan. Notin ya yi gardama, ya ƙara ƙarfi, ya ji ya saki. Man ya fara ɗiga a hankali. A ransa ya ce ai ba wani abu ba ne, da ya je gida zai ɗaure kayansa.

"Baba, akwai matsala," ya ce daga ƙasan motar. "Birkinka yana yoyo."

Tsohon ya ce ba zai yiwu ba, bai daɗe da sa aka duba ba. Ragi ya fito, ya kama hannunsa ya durƙusar da shi, ya dangwala yatsansa a man da ya taru a ƙasa. Baba Safiyo ya murza man tsakanin yatsunsa, ya shinshina, sai fuskarsa ta canja.

"Allah ya yi maka albarka, ɗana," ya ce. "Saura ƙiris in sayar maka da ajalinka ban sani ba."

Da bakinsa ya rage kuɗin, ragin da ya fi wanda Ragi ya nema tun farko. Ya so a bar motar a nan har a kira makanike, amma Ragi ya ce gidansa ba nisa, hanya kuma shimfiɗaɗɗiya ce, zai lallaɓa. Tsohon bai saki makullin ba sai da ya sa shi ya yi alkawarin ba wanda zai hau ta sai an gyara.

A hanya Ragi ya ji birkin yana ƙara laushi a ƙarƙashin ƙafarsa, sai ya taka sau biyu kafin ya kama. Duk da haka ya isa gida lafiya. Matarsa ta fito tana zagaya motar tana shafa ta, Inna mahaifiyarsa ta leƙo ta taga tana sa albarka. Matar ta tambaye shi ko akwai abin gyara, don ita ma tana tuƙi, kuma ita ke kai Inna asibiti duba hawan jininta. Ragi ya san in ya ambaci birki za ta bi diddigi har ta gano, kuma ba ya son wa'azi a ranar farin cikinsa. Ya daki ƙirji ya ce lafiyarta lau, ko yanzu a hau ta a zagaya duniya.

Da matarsa ta shiga ciki ya lallaɓa ƙarƙashin motar don ya ɗaure notin. Ya murza, ya murza, notin sai juyawa yake ba ya kamawa. Ashe ƙarfin da ya sa ɗazu ya cinye zarensa. Ya buɗe gaba ya duba robar man birki, ya ga ta kusa ƙafewa. Ya wanke hannu, ya rataye makullin a ƙusar bayan ƙofa inda aka saba, ya ce wa matarsa zai je ya sayo kayan wanke mota, ya tari babur ya nufi kasuwar kayan gyara.

Motar tsohuwar ƙira ce, bututunta bai samu da sauƙi ba. Wannan shago ya tura shi wancan. Da ya samu kuma, hali zanen dutse, ya tsaya jayayya da mai shagon a kan ragi har ya yi fushi ya fita, sai da aka kira shi ya dawo. Rana ta karkata kafin ya kamo hanyar gida.

Tun daga bakin layi ya hango ƙofar gidansa a wangale, inda ya bar motar babu komai sai ɗan jiƙon mai a ƙasa. Maƙwabciyarsu tana tsaye da yaransa. Ta ce Inna ce jiri ya ɗebe ta a tsakar gida ta faɗi, bakinta ya fara karkacewa, Malama, wato matarsa, ta kira shi a waya bai ɗauka ba, shi ne suka cicciɓe ta suka sa a sabuwar motar. Yanzun nan suka fita.

Ragi ya lalubo wayarsa, ya ga kiran da ya ƙi ɗauka lokacin da yake ciniki. Ya kira matarsa, sai ya ji wayar tana ƙara a cikin ɗaki, a kan tebur. Asibitin kuwa yana ƙasan gari, hanyarsa doguwar gangara ce da ke ƙarewa a shataletalen kasuwa.

Ya faɗa bayan mai babur ɗin da ya kawo shi, ya ce ya bi hanyar asibiti da duk gudun da yake da shi. Suna tafiya yana leƙen kowace kwana, yana addu'ar Allah ya sa cunkoso ya tsare su, ko mai ya ƙare, ko taya ta yi faci. A saman gangarar ya fara ganin mutane suna tsaye a bakin shaguna, duk sun juya fuska ƙasa. Ya ga teburin mai lemo a kife, lemon yana gangarawa a kwalta. Ya ga doguwar shaidar taya baƙa ƙirin, ta karkace ta bar hanya.

Motar tana jikin katangar wani sito, gab da shataletalen, gabanta ya shige ciki, tururi na tashi. Waɗanda suka gani suka ce matar ta yi ta danna hon tun daga sama, ta ja birkin hannu motar ta yi ta wutsil-wutsil, da ta ga ɗalibai suna tsallaka titi a ƙasa sai ta karya sitiyari ta nufi katanga da gangan. An riga an kwashe su zuwa asibiti.

Matarsa ta karye a cinya da haƙarƙari. Inna ta tsira da rai, amma ƙugunta ya goce, kuma jinkirin da aka yi kafin a kai ta ya sa ɓarin jikinta ɗaya bai ƙara motsi ba. Duk wanda ya zo dubiya sai ya ce tsautsayi ne, wasu kuma su tsine wa wanda ya sayar da mota ba birki. Ragi yana ji, kansa a sunkuye.

Washegari yana zaune a gefen gadon matarsa sai ga Baba Safiyo, 'yarsa tana riƙe da hannunsa. Labari ya kai masa. Tsohon ya lalubi ƙarfen gadon, ya durƙusa a ƙasa da ƙyar, hawaye na bin gemunsa. Ya ce tun jiya bai iya cin komai ba, laifinsa ne da ya bar motar ta fita daga gidansa alhali ya san halin da take ciki. Ya roƙi Malama ta yafe masa, ya ce zai mayar da kuɗin duka a yi musu magani.

Malama ta juyo a hankali ta dubi mijinta.

"Ya san halin da take ciki?" ta ce. "Kai ma ka sani ke nan?"

Ragi ya dubi tsohon da ke durƙushe a kan siminti yana neman gafarar laifin da bai yi ba, ya ji ba zai iya ƙara ɗaukar wannan a kan wanda ya riga ya ɗauka ba. Ya zame daga kujera ya faɗa musu komai, tun daga sifanar har zuwa ƙaryar kayan wanke mota.

'Yar tsohon ta ɗaga mahaifinta tana huci, amma ya dafa hannunta ya hana ta magana. Ya kakkaɓe gwiwarsa, ya juya fuskarsa wajen da muryar Ragi ta fito.

"Ni abin da ka rage mini kuɗi ne, na yafe," ya ce. "Sauran ba a hannuna yake ba."

Suka fita. Malama ta juya fuskarta bango, ba ta kuma ɗaga murya ba bayan nan. Ta warke ta koma gidanta da aikinta tana ɗingishi, amma ko ce mata ya yi rana ta fito, sai ta leƙa waje ta gani da idonta. Motar kuwa, 'yan gwangwan masu sayen tsohon ƙarfe ne suka saye ta a kan kilo. Labari ya bazu, masu gonaki suka fara tunanin wanda ya kwance notin makaho me zai yi wa fanfonsu in sun juya baya, aiki ya yi ta janyewa. Inna kuwa, ba wanda ya iya gaya mata gaskiya. Kullum da safe Ragi ke ɗaukarta ya fito da ita tsakar gida ta sha iska, ita kuma tana shafa kansa da hannun da ya rage mata, tana sa masa albarka da harshen da ba ya fita sosai, tana cewa Allah ya ba shi wata motar da ta fi waccan.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, neman sauƙi a ciniki ba laifi ba ne, duba kaya da kyau kafin a saya ma wajibi ne, amma daga lokacin da mutum ya ƙirƙiri aibi don ya danne haƙƙin wani, ya bar ciniki ya shiga zalunci. Ragi ya samu abin da ya daɗe yana nema, a hannun mutumin kirki, a farashin da zai iya biya, kwaɗayin ƙari ya sa garin neman gira ya rasa ido. Ƙarya ɗaya ta jawo ta biyu, ta biyun ce ta hana matarsa sanin haɗarin da ke jiranta. Wanda ya haƙa ramin mugunta ba shi ke zaɓar wanda zai faɗa ba, sau da yawa na jikinsa ne ke riga kowa. In Allah ya haɗa ka da mai gaskiya, ka biya shi haƙƙinsa ka gode, in kuma ka yi kuskure, ka faɗa tun ana iya gyarawa.