Ruwan Maraba na Tasalla

Ga ta nan, ga ta nan, ku matso.

Ta iso, Iya, kunnuwanmu naki ne.

Wasu sarakuna ne uku masu riƙe da duniya, duk a saman kogi ɗaya. Na Gabas maƙera gare shi, toka na zuba a ruwa. Na Yamma marina, baban rini na zuba a ruwa. Na Arewa majema, ɗoyi na zuba a ruwa.

Can ƙasan kogin akwai Tasalla. Mijinta ya rasu, kamar nawa, ya bar mata 'ya'ya uku. Na fari ya sha ruwan, ya tafi. Na biyu ya sha, ya tafi. Saura Ladingo, ita ma ta kwanta.

Tasalla ta ɗaura zane ta je wurin na Gabas. Ta ce, "Ranka ya daɗe, ruwanka na cinye mini 'ya'ya."

Ya ce, "Baiwar Allah, jama'ata yawa gare su. Raba tokar kan kowa, ɗan cokali ne. Je ki ga na Yamma, shi ya fara tun kakanni."

Na Yamma ya ce, "Wannan tsohon zance ne. Bana wa ya fi zubawa?"

Na Arewa ya ce, "Nawa ai bai kai rabin nasu ba."

Ta ce, "To, ku zo gidana in raba muku gardama, duniya ta san mai tsabta."

Kowa na son a ce shi ne. Sai ga su da dawakai.

Ta shimfiɗa tabarma. Ta ɗebo ruwan kogin a ƙwarya, baƙi, yana kumfa. Ta durƙusa ta ce, "Ruwan maraba."

Kun sani, baƙo ba ya mayar da ruwan maraba.

Na Gabas ya duba, ya ce, "A cire mini nawa in sha."

Ta ce, "Cire da kanka. Cikin ɗana bai tambayi na wane ba."

Daga ɗaki sai tarin Ladingo.

Suka ce, "Mu ba ki shanu."

Ta ce, "Albarka."

"Mu ba ki gari guda."

"Albarka. Ko ku shanye, ko ku toshe magudananku. Ba ragi."

Babu wanda ya iya kai ƙwaryar baki. Suka toshe, suna hararar juna.

Damina ta wanke kogi. Ladingo ta tashi, amma tarin ya riga ya tafi da muryarta. Kullum Tasalla ta ɗebo ruwa garau, sai ta cika moɗa uku, ta miƙa wa Ladingo ɗaya, ta zauna tana kallon biyun.

Wanda ke ƙasan kogi ba ruwansa da wa ya fi ɓarna. Duka yake sha.

Ƙurunƙus, na sauke ta nan. Wani ya rufe mini randa.